Yadda Jatau Ya Nemo Wa Gwaggo Gidan Haya

A wani ƙauye na ƙasar Bakori da na taɓa zama, sunansa ya kwanta mini yanzu, akwai wata dattijuwa, Gwaggo Tabawa. Mijinta ya rasu ya bar mata shanu, ta sayar da su kaf don ta sayi gida a Kaduna ta zuba 'yan haya, ta riƙa ci daga ciki har ƙarshen ranta. Ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, kuma ba ta da wanda za ta aika sai ɗan ƙanenta Jatau, magidanci har da gemu, wanda abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana ta sa shi a mota, ta ce ya nemi inda jama'a suka yi yawa, don can ake samun 'yan haya. Yana sauka a tasha ya ga mutane ko'ina, sai ya tambayi 'yan kamasho ko tashar ta sayarwa ce. Suka ce ai shi suke jira. Suka yi ta ciniki da shi har la'asar, suka cinye masa guzuri.

Wata rana ta ce masa a waya ya gwada ƙarfin gini kafin ya taya. Wani dillali, Sambo, ya kai shi gida mai ɗakuna a jere. Jatau ya ari taɓarya a maƙwabta ya hau bango da duka, sai ga rami, ga ɗan haya a ciki da loma a hannu. Jatau ya yi masa sallama ta ramin.

Wata rana kuma, ko kafin wannan ne, na manta, ta ce ya tambayi mutanen unguwa ko akwai ɓarayi. Ya bi gida-gida yana cewa, "Malam, kai ɓarawo ne?" Da ya tsira ya shaida mata babu ko ɗaya, sai dai sun iya jifa.

Can cikin rani Sambo ya nuna masa wani gida kusa da kogi, sabon fenti, ga araha. Gwaggo ta ji ya kwanta mata, ta ce amma ya fara ganin yadda yake in an yi ruwa. Jatau ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar da ke kallon gidan, yana jiran damina. Sambo ya yi ta rantsuwa ruwa ba ya shiga gidan, har muryarsa ta dushe. Gwaggo ta kira ta ce tambaya take nufi ya yi, ya ce shi dai gani aka ce masa. Wani Alhaji mai gilashi ya zo ya saye gidan a gabansa, ya ce masa in ya gaji da zama akwai aikin gadi. Gwaggo ta yi kuka, ta daina ɗaukar wayarsa.

Da marka ta kankama kogi ya shigo unguwar. 'Yan haya suka hau rufi da katifunsu, Alhaji ya naɗe wando yana neman Sambo, an ce ya tafi gaisuwar mutuwa. Jatau ya ari wayar wani mai shayi ya kira Gwaggo.

"Gwaggo, na gani. Ruwa ya kai taga. In saya?"