Yadda Za Ka Gano Sabon Mazari Ba Tare Da Ka Ɓata Takalminka Ba

Kai ɗalibin da furojet ya tsaya wa a wuya, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai zaga Jimeta. Su ne Hosea na Sangere ya bi, ɗan ajin ƙarshe a nazarin dabbobi, wanda malaminsa ya ce ko ya tantance ire-iren mazarin bakin Binuwai, ƙwarin nan masu fukafuki huɗu, da hotuna, ko ya maimaita shekara. Yau har 'yan keke sun san shi.

1. Kada ka matsa kusa

Bakin kogi akwai laka, kai kuma takalminka fari ne. Tsaya can kan tudu a Damare, ka zuƙo hoto da waya har mazarin ya koma kamar ɗigon miya a riga. In hoto ya yi dishi-dishi, wa zai ƙaryata ka?

2. Kowane launi jinsi ne

Littafi zai ce namiji da mace kan bambanta a launi, ƙarami ma yakan sauya kala in ya girma. Rufe shi. Masu littafi ba su da ranar miƙa furojet. Ja ɗaya, rawaya biyu, wanda rana ta haska uku. Kafin rana ta take, Hosea ya tara goma sha huɗu.

3. Kada ka saurari masunci

A nan Hosea ya ɗauko hoton abin al'ajabi: mazari mai fukafuki takwas, jiki a lanƙwashe kamar zobe. Ya nuna wa Bobboyi, wani tsoho mai ɗinkin koma. Tsohon ya duba, ya kau da kai.

"Ɗan makaranta, wannan kam ka share. Ba kyau mutum ya kalla."

Hassada ce kawai. Wuce abinka.

4. Raɗa masa suna, ka sanar da gida

Hosea ya sa masa sunan mahaifiyarsa, Mama Liyatu, wadda ta shekara biyar tana kai sunansa addu'ar zumuntar mata. Ya tura mata hoton. Ta yi kuka don murna, sannan ta sa aka buga shi a ƙirjin riguna sittin na sujadar godiya. A ƙasa an rubuta: "Mazarin Liyatu, aikin Ubangiji."

5. Ranar kare furojet, tsaya da ƙarfinka

Wata baƙuwar farfesa ta ce goma sha huɗun nan jinsi uku ne. Hosea bai girgiza ba, ya hasko mai fukafuki takwas a bango.

Ta gyara tabarau. "Ƙirga mini kawunan."

"Biyu ne, Ma."

"To, mazari biyu in sun manne haka, me suke yi?"

Zauren ya kwashe da dariya. Hosea ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Aka ce ya dawo baɗi.

Yana fita ya kira gida. "Mama, don Allah kar a saka rigunan nan."

"Wane kar a saka? Tun Lahadi mun saka, mun yi rawa har gaban bagade! Matar Fasto ma ta ce a ƙara mata biyu."

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba ruwansa da shekarar da za ka maimaita, kuma ba shi zai yi wa matar Fasto bayani ba. Hosea ma har yau bai sami bakin faɗa wa mahaifiyarsa ba. Kullum Lahadi sai ta goge rigar da kanta.