Ragon Tanimu na Fensir

Ku dai kun san Tanimu mai gyaran keke, mutumin da ko akuya ya saya sai ya ce saniya ce ba ta gama girma ba. To ana saura kwana huɗu Babbar Sallah ragon layyarsa ya tsinke igiya ya shiga gari. Ga shi ba shi da hotonsa, don wayarsa rakani-kashi ce, ba ta ɗaukar hoto. Sai ya garzaya wurin Sallau mai zane ya ce a zana masa ragon, ya kai wa mai unguwa cigiya. Sallau ya san ragon sarai, ya zana shi yadda Allah Ya yi shi: ƙashin haƙarƙari a waje, ƙaho kamar ɗan yatsa.

Tanimu ya leƙa, ya ɓata rai. "Haba Sallau! Wannan abin za a nuna wa jama'a a ce nawa ne?"

Sallau ya ce, "Kwantar da hankalinka, aikin fensir ne. Abin da bai yi maka ba, sai a goge a sake."

Ai kuwa kamar ya sosa masa inda ke ƙaiƙayi. Goge haƙarƙarin nan. Ƙara wuya. Murɗa ƙahon sau biyu. Wallahi kafin la'asar rago ya cika takarda, har sai da aka liƙa wata don wutsiya ta samu wuri.

Bayan kwana biyu wani bawan Allah ya tsinci ragon a bayan makaranta yana cin kwali, ya kai gidan mai unguwa. Tanimu ya iso da gudu, murna kamar ya yi kuka. Mai unguwa ya ɗauko takardar cigiya, ya dubi zane, ya dubi rago, ya sake duban zane.

"Malam Tanimu, wannan ba naka ba ne. Zai zauna nan sai mai shi ya zo."

"Ranka ya daɗe, na rantse nawa ne! Kewata ce ta ramar da shi."

"Har da ƙahon?"

Tanimu ya saci kallon ƙahon. Can ya ce, "To ni jibi me zan yanka wa iyalina?"

Mai unguwa ya miƙa masa takardar. "Ungo naka. Ka dai ce wa mai fiɗa ya bi a hankali, kada ya goge kitsen."