Yadda Za Ka Ɗinke Kayan Iyalinka Shekara Guda Ba Tela, Bisa Tsarin Malam Lirwanu

Kai da tela ya taɓa ci wa mutunci, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin shekara ta zagayo babu wanda zai gan ka a hanya bai waiwayo ya ƙara kallonka ba. Ba labari na ji ba, da idona na gani. An gwada hanyar a kan taubashina Malam Lirwanu, hedimastan firamare mai ritaya a nan Gummi, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ni sunana Musbahu. Ban taɓa zura zare a allura ba, saboda haka babu abin da zai hana ni koyar da kai.

1. Ka fara da rantsuwa, kuma a gaban jama'a

Shirin da aka ƙulla a ɗaka yana iya mutuwa ba wanda ya ji. Kai shaidu kake buƙata, waɗanda za su tare maka hanya duk ranar da hankalinka ya so dawowa.

Malam Lirwanu ya kai wa Kamalu tela yadinsa tun azumi yana da kwana uku. Ranar jajiberen ƙaramar Sallah ya je karɓa, ya tarar da yadin a ninke yadda ya kawo shi, har an ɗora rediyo a kai. Da tsohon kaftani ya je Idi. Da la'asar ya iso majalisarmu ta gindin dogon yaro, aka ba shi wuri ya ƙi zama.

"Ku shaida," in ji shi. "Wallahi daga yau har wata Sallah, allurar tela ba ta ƙara taɓa tufar gidana. Ni da kaina za ni ɗunka. Wai mi ke ga ɗunki? Layi na, kuma shekara talatin da biyat ina jan layi."

Muka ce Allah shi taimaka. In wani ya ce ka bari zuciyarka ta huce tukuna, ka sani ɗan leƙen asirin teloli ne.

2. Ka sayi keke kafin ka san inda ake sa ƙafa

Ranar kasuwar Bukkuyum ka shiga mota ka je. Ka nemi tsohon keken ɗinki baƙi mai nauyi, irin wanda sai mutum uku suke ɗaga shi. Kada ka ce a gwada maka, sai a ɗauka kai sabon shiga ne. Ka buga shi da tafin hannu sau biyu, ka gyaɗa kai.

In ka kawo shi gida, a zaure za ka ajiye. Keken da ke cikin ɗaka ɗinki kawai yake yi. Na zaure kuwa, ko ba a taka shi ba, yana yi wa masu wucewa bayani.

3. Ka tsara jadawalin shekara

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Malam Lirwanu ya samo ƙaton kwali da rula da jan biro, ya raba shekara zango uku kamar ta makaranta. Zangon farko rigunan mata da wanduna. Zango na biyu kaftani. Zango na uku babbar riga, har da aikin wuya. A gefe ya ja wani layi ya rubuta "Maki", domin shi ne ɗalibin, shi ne kuma mai dubawa.

Mako uku ya yi yana wannan tsari. Da ya gama ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya kafa kwalin a bangon zaure, sannan ya lura cewa bisa jadawalin, hutun rabin zango ya kama. Ya tafi hutu. Mai tsari ba ya saɓa wa tsarinsa.

4. Kada ka fara da yadinka

Almakashin mai koyo yana buƙatar abin da zai ci, kuma bai kamata ya zama naka ba. Ka duba akwatin matarka.

Matar Malam, Ummukulsum, tana da wata atamfa shuɗiya da Innarta ta ba ta kafin ta rasu. Shekara shida tana ajiye da ita, ta kasa kai ta ɗinki, sai dai ta ɗauko ta duba ta mayar. Ita Malam ya zaɓa. Bai auna matar ba, ya ce ya san ta shekara talatin. Tsohuwar rigarta ya shimfiɗa a tabarma, ya auna da rular allo. Kwana huɗu zauren yana ƙara kamar injin niƙa, sannan ya kira ta ta gwada.

Ta juya rigar sama, ta juya ta ƙasa. "Malam, ta ina kaina za shi bi?"

"Ga wuya nan gabanki."

"Wanga ai hannu na."

"To, ki sa kai inda ya samu. Tufa ba ta gardama da mai ita."

Ya juya ga kwali ya ba kansa bakwai cikin goma.

Da ya fita masallaci sai ga ta a gidana da rigar cikin mayafi. Matata Mardiyya tana yi wa matan unguwa ɗinki a cikin gida. Ummukulsum ta ajiye mata rigar a cinya, sai hawaye. Mardiyya ta ɗaga rigar, ta daɗe tana kallo.

"Yaya, share hawayenki. Ki ce mishi wanki za ki yi da guga. Ki ba ni kwana biyu."

Ta warware ɗinkin kaf, ta sake yanka, ta cike gurbin da ƙyallayen da Ummukulsum ta tsinto a zaure. Rigar ta fito ɗas.

5. Ka yi imani da wanki

Da Malam ya ga matarsa cikin rigar, ya zagaye ta sau biyu, ya koma ga kwali ya soke bakwai ya rubuta tara. Ran nan ya zo majalisa da sabon ilimi.

"Abin da teloli ka ɓoye ma mutane na gano shi. Ɗunki ba shi zama sai ya sha ruwa. Ka gan shi karkace, ka ba da wanki, shi dawo miƙe."

Daga nan hanya ta buɗe. Duk abin da ya ɗinka, Ummukulsum ta karɓa ta ce za ta wanke, ya tsallaka katanga, bayan kwana biyu ya dawo mutum. Wanduna suka yi, kaftani ya yi. Wata bakwai ana haka. Ni kuwa ina zaune a majalisa ina jin yadda ake kafa aljihu, alhali na baro Mardiyya tana cire aljihun nan daga inda ya kafa shi, abincin ranata kuma yana jiran ta gama.

In ka kai wannan matsayi, ka riƙa bi ta gaban shagon telan da ya ɓata maka rai. Ka rage tafiya. Ka tsaya kamar kana neman wani abu a aljihu, ka juya baya don ya ga kafaɗa. Malam ya yi wa Kamalu haka har sau uku a rana ɗaya.

6. Kada ka bar matarka ta yi tafiya

Wannan mataki shi kaɗai Malam ya tsallake, ka ji abin da ya biyo baya.

Ɗiyarsu Zuhura da ke aure a Anka ta haihu, ɗan fari. Ummukulsum ta tafi tun ranar don ta kula da mai jego. Mijin Zuhura ya aiko wa Malam da farar shadda mai maiƙo, ya ce Baba ya sa ranar suna. Kwana bakwai ke nan.

Mardiyya ta tura ni in ce ya kawo a wanke masa, tunda mai wankin ba ta nan.

"Haba Musbahu, wanki har wani abu na? Ruwa na da sabulu. Wanda ya iya ɗunki wanki ba shi gagara tai."

Ya yanka, ya ɗinka, ya jiƙa, ya shanya. Hannun dama ya fi na hagu da taƙi guda. Ya sake jiƙawa. Maiƙon shadda ya tafi, hannun yana nan inda yake. Ya zuba wa keke mai. Ya ce ruwan rijiya ne ya yi kauri, ya sa aka ɗebo masa na gulbi. Wanki na huɗu shadda ta koma kamar tsohon zanen gado, gari kuma ya waye ranar suna.

Na ce ya sa ɗaya daga cikin kaftanan baya. Ya ce surukinsa zai ga kamar ya raina kyautarsa.

7. Ka isa wurin taro da ƙarfin zuciya

Tare muka shiga mota. Wandon bai bar masa wurin lanƙwasa gwiwa ba, don haka a karkace ya zauna tun daga Gummi har Anka, ƙafafunsa a kan buhun wani. Aljihun kaftanin ya koma wajen baya. Da ya zo ciro goro sai ka ce susa yake yi.

A ƙofar gidan surukan an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun cika, liman yana jiran kakan jariri. Aka nuna wa Malam wuri a gaba. Ya tsaya yana duban tabarmar. Sannan ya yi bismillah ya sauka.

Ƙarar yagewar wandon ta kai har wurin masu fiɗar rago.

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Alhaji Ɗanmusa, mahaifin mijin Zuhura, ya miƙe ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa masa. "Malam, iska na kaɗawa, riƙa wagga." Rana kuwa ta take, ko ganye ba ya motsi.

Bayan an shafa fatiha Malam ya sa aka kira masa Ummukulsum zaure. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Wane sabulu kika sawa?" ya tambaye ta a hankali. "Sau huɗu na wanke ta."

Ta dubi hannun rigar, ta dubi fuskarsa. "Malam, ba sabulu na ba. Mardiyya ta."

"Dut?"

"Dut, Malam. Tun daga atamfar Inna."

"Har wandon nan mai ruwan toka da na ba kaina goma?"

"Wannan sabo ta yanka. Naka da shi muke sauke tukunya."

Ya juyo ya dube ni. Na dubi ragon. Har muka dawo Gummi yana ƙudundune cikin rigar aro. Wallahi ya ba ni tausayi, har wajen mahaɗar Bukkuyum.

8. Ka gyara tsakaninka da Ubangiji

Washegari ya cire kwalin daga bango, ya ce in raka shi wurin limamin unguwa. Ya faɗi komai, bai ɓoye ko aljihu ba. Liman ya ce tunda ya rantse allurar tela ba za ta taɓa ba, ga shi kuma ta taɓa, sai ya yi kaffara: ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su.

Malam ya ɗago kai. "Gafarta Malam, ko mi?"

Liman ya ga abin da ya aikata. "Ciyarwa ta fi sauƙi, Malam Lirwanu. Tuwo da miya, shi ke nan."

"Ba sauƙi nika nema ba, lada nika nema."

Kafin azahar sabon kwali ya hau bango, da sunaye goma da layin maki. Da la'asar sai ga Namadi, wani dattijo mai share rumfunan kasuwa, wanda sunansa ne na farko, ya same ni a ƙofar gida ya kama hannuna.

"Musbahu, don girman Allah ka roƙa muna shi. Talauci ag gare mu, ba laifi munka yi ba."

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya ga zai iya. Babu ruwana da yadin da ya salwanta, ko matar da ta daina magana, ko wandon da ya yi jawabi a gaban surukai. Kada a kawo mini ƙara, kada a turo mini Namadi. Ba ni da bakin roƙa wa kowa, domin jiya na leƙa zauren na karanta kwalin da kyau. Sunana ne na bakwai, kuma an ce gobe da hantsi in zo awo.