Rasuwar Faifai Mai Tari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tababa, Orsola Ferlenghi ta layin masu sassaƙa goge a birnin Cremona na Italiya tana sanar da rasuwar faifan garmahon gidansu. Saura ƙiris ta fasa rubutun nan, don karatunta bai yi nisa ba, kuma ba ta son idon jama'a. Amma shirunta ya fara yi wa mai laifi daɗi.

Marigayin ya girmi Orsola nesa ba kusa ba. Kiɗan mutanen da ne a cikinsa, irin wanda goge ɗaya ke ja, sauran suna amshi. A wani coci mai sanyi aka naɗe shi, kuma cikin 'yan amshin akwai kakanta Egidio, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ba a iya tsinto gogensa a cikin taron. Sai dai inda kiɗan ya lafa, kowa ya yi tsit, akan ji "uhu-uhu". Tarinsa ne. Tun da mantuwa ta kama matarsa, Kaka Zelinda, ba ta karɓar cokali sai ta ji tarin nan, ta ce, "Ji shi, mai taurin kai, ya ƙi sa rigar sanyi."

Marigayi bai yi jinya ba. Ranar Lahadi, bayan dangi sun ci sun watse, aka tsince shi a kan tebur ya lanƙwashe, da shatin gindin butar kofi a fuskarsa. A danginsu kowa da butarsa yake zuwa, don ba mai yarda da kofin wani. Ta gidan ƙarama ce. Shatin babba ne.

Kawu Ermete ya ce, "Haba 'yata, tsufa ne." Orsola ba ta taɓa ganin tsufa mai gindi ba. Gwaggo Tarcisia kuwa, mai cewa kukan goge na sa mata ciwon kai, ta ce, "Ni tawa butar ko zafi ba ta yi ba," alhali ba a kai ga ambatar buta ba.

Ya rasu ya bar allura guda, da garmaho, da rigarsa ta kwali, da tsohuwar da ta kwana ba ta ci komai ba.

Washegari da safe Orsola, wadda ko a coci ba a taɓa jin muryarta ba, ta rufe taga, ta rera kiɗan da baki. Da ta zo inda kiɗan ke lafawa, ta yi tari. Kaka ta harare ta, ta ce, "Egidio, tarin naka ya yi wuri." Sannan ta buɗe baki ta karɓi cokali.

Allah ya ji ƙansa. Za a binne shi ranar Asabar a gindin ɓauren bayan gida. Ana roƙon dangi kowa ya zo da butarsa. Ba kofi za a dafa ba.