Yadda Za Ka Shekara Goma Sha Huɗu a Jami'a Ba a Fasa Maka Ƙwai Ba

Babu wulaƙancin da ake yi wa ilimi kamar a ce an gama shi. Jami'armu ta gwamnati tana da fanni casa'in da ɗoriya, daga tiyata har nazarin ciyawa, kuma kyauta ne. Amma sai ka ga yaro ya zaɓi guda ɗaya tak, ya ƙare cikin shekara biyar, ya fito ƙofa dangi su yi masa ruwan ƙwai da fulawa, kamar yadda muke yi wa duk wanda ya ci jarrabawar ƙarshe. Washegari ya wanke kai ya kama aiki, shi ke nan har kabari. Idan ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin furfura za ta same ka da katin ɗalibi a aljihu. Ba shaci-faɗi ba ne. Gidan haya ɗaya na zauna da Nicanor Ledesma a birnin Córdoba, kuma a wannan fage ban ga na biyunsa ba.

Mataki na 1: Ka samu mai jira

Dogon karatu ba ƙwaƙwalwa yake buƙata ba, mutum yake buƙata a gida. Su Nicanor makiyayan awaki ne a can arewa, da cuku suke ci suke sha, kuma su biyu aka haifa: shi da ƙanwarsa Zulema. Awaki tamanin ba sa barin yara biyu su tafi lokaci guda. Saboda haka mahaifinsu, Don Eusebio, ya yanke magana: babba ya fara, ya yi shekara biyar, ya dawo ya karɓi garke, sannan Zulema ta je ta karanci likitancin dabbobi, abin da take so tun tana bin awaki ba takalmi. Shekararta sha bakwai a lokacin. Ita ke ɗaure kwalin da ake aika masa a motar safa duk Juma'a: cuku, burodi, zuma da ganyen shayin da muke kira mate.

Ka lura, an ce shekara biyar, ba a ce waɗanne ba.

Mataki na 2: Ka fara da abin da za a yi alfahari da shi

Wato likitanci. Kada ka fara da falsafa, za a gane ka da wuri. Ranar da Nicanor ya yi rajista, Don Eusebio ya tafi wurin maƙeri a yi masa allon tagulla irin wanda ake kafawa a ƙofar likitoci. Maƙerin ya gama zana sunan, ya ɗago kai.

"A ƙasa me zan sa?"

"Likita mana."

"Don Eusebio, na yi wa ubanni goma irin wannan. Bar wurin a buɗe. Tagulla ba ta goguwa."

Mataki na 3: Kada ka taɓa faɗuwa

Wanda ya faɗi jarrabawa, gida ake kiransa. Kai ka ci abinka, sannan a shekara ta biyu ka gano cewa asalin matsalar tana wani wuri. Nicanor ya gano cewa rashin adalci ke kawo cuta, ya koma shari'a. A shari'a ya gano cewa matsin gidaje ke kawo rigima, ya koma zanen gine-gine. Gini kuwa a kan ƙasa yake, sai ilimin duwatsu. Ƙasa a sarari take, sai ilimin taurari. Daga taurari zuwa falsafa babu nisa, hawa bene ɗaya ne.

Idan za ka sanar da gida, ka bari sai an zauna cin abinci.

"To yanzu kai mene ne?" in ji mahaifiyarsa, Doña Petrona.

"Mama, tambayar da muke kai ke nan tun farkon zango."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta ƙara masa nama.

Mataki na 4: Ka san shekarar farko ta komai

Wannan ya ishe ka magana a ko'ina ba tare da an ɗora maka aiki ba. A wani hutun Janairu, rana na tsakiya, haihuwa ta gagari wata akuya. Nicanor ya tsaya bakin shinge da ƙoƙon mate a hannu, ya faɗi sunan ƙashin da ya tokare da harshen Latin, ya kuma yi bayanin wanda doka za ta kama idan akuyar ta mutu. Zulema na durƙushe, hannunta a ciki har gwiwa.

"Yaya Dakta, riƙe mata ƙafa."

"A fannin da nake yanzu ba ma taɓa abu. Tunaninsa muke yi."

"To matsa can ka yi tunanin, kana tare mini haske."

Mataki na 5: Ka yi hattara da abin da kake mayarwa a kwali

Nan ne gwanaye ke zamewa. Nicanor kan mayar da kwalin da kayan wanki, a naɗe cikin tsofaffin takardun lacca. A shekara ta goma ya shiga likitancin dabbobi, don kawai sashen yana da inuwar bishiyoyi. Sai takardun suka fara dawowa, an naɗo cuku da su, gefensu cike da rubutun Zulema da fensir: "Yaya, wannan shafin kuskure ne, akuya ba ta yin haka." Yana cin cuku yana karantawa. Ya ci jarrabawar farko, ya ci ta biyu, bai ji wahalar da za ta tuna masa lokacin tashi ya yi ba. Shekara biyar suka wuce. Ya wayi gari saura jarrabawa ɗaya.

Mataki na 6: Idan ƙwai ya iso ƙofa

Da safiyar wata Talata a Disamba suka sauka, bayan sun roƙi maƙwabci ya yi musu tatsa na yini ɗaya. Doña Petrona da kwandon ƙwai. Don Eusebio da allon tagulla a hammata, a ƙarshe an cike wurin da aka bari da "Likitan Dabbobi". Zulema, mai shekara talatin da ɗaya, da akwati ruwan ƙasa, domin ita za ta gaji ɗakinsa, kuma ran Juma'a ake rufe rajistar sababbin ɗalibai.

A ɗakin jarrabawa malamai uku ne da 'yar ganga ta katako da ake juyawa, ƙwallo ya faɗo da lambar babin da za a tambaye ka. Nicanor ya juya. Babin da ya fito ya san shi ciki da bai, da rubutun fensir ma yake ganinsa. Ya daɗe yana kallon ƙwallon. Ya hango awaki tamanin.

Ga abin da za ka yi. Ka ajiye ƙwallon a hankali. Ka gaya wa malamai cewa ba a fahimtar dabba sai an fahimci mai kiwonta. Doka ta yarda ɗalibi ya janye ya dawo wani zango, kuma ba ta ce sau nawa ba. Ka bi matakalar baya, ka yi rajistar nazarin al'adun al'umma, sannan ka zagayo ka fito ta gaba. Haka Nicanor ya yi.

Doña Petrona ta riga ta ɗaga ƙwai ɗaya. "Mu jefa?"

"Tukuna, Mama."

"Faɗuwa ka yi?" in ji Don Eusebio.

"Baba, ni ban taɓa faɗuwa ba."

Gaskiya ne. Nicanor ya yi musu bayanin sabon fannin. Zulema ta bari ya gama.

"Wane babi ya fito maka?"

"Ciwon hantsa."

"Sau biyu na rubuta maka shi."

"Shi ya sa na ga akwai sauran zurfi."

"Wannan ɗin shekara nawa ne?"

"Biyar."

Ta gyaɗa kai. Ta zare ƙwan daga hannun mahaifiyarta, ta mayar cikin kwando, ta miƙa masa.

"Ka dafa su kafin su lalace. Baba, mu tafi. Motar ƙarfe biyu ce, maƙwabcin nan yini ɗaya ya ce."

Mataki na 7: Ka ci ƙwan

Da gishiri kaɗan. Ni ma an ba ni biyu.

Sanarwa

Marubucin ba shi da alhakin tagullar da aka zana a banza, ko bayan tsohon da ya ƙara ranƙwafawa, ko wata rajista da aka rufe. Mai ƙorafi ya kai jami'a, ba za a rasa fannin da ke nazarin irin wannan ba. Abin da kawai zan iya shaidawa shi ne tsarin yana aiki, domin a Juma'ar nan saƙo bai makara ba. Na raka Nicanor tasha. Direban ya buɗe cikin motar, ya jawo akwatin nan ruwan ƙasa na Zulema, warin cuku na fita ta gefensa.

"Dakta, ga kayanka. Ta ce kwalin ya yage."

"Yaushe zan mayar mata da akwatin?"

"Ta ce ba sai an mayar ba."