Goggo Sannu-sannu Ta Kwanta Dama, Butar Shayi Na Nan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe kuma kai a ɗage, nake sanar da abokan aiki, tsofaffi da sababbi, da duk wanda ya taɓa shan shayi a ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, rasuwar uwarmu kuma abokiyar fama, Goggo Sannu-sannu, kwamfutar gwaji ta sashen manhaja. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar aiki, kamar yadda ta rayu. Ba zan yi mata addu'ar da ake yi wa 'yan Adam ba, na san iyakata, ƙarfe ce da wayoyi. Amma ta'aziyya kam sai na rubuta ta, wanda bai so gani ba ya kau da kai.

Ni ce mai riƙe da mabuɗin saki a wannan sashe. Ga wanda bai san aikinmu ba, manhajarmu ita ce ke tura wa marasa lafiya saƙo a waya cewa lokacin shan magani ya yi. Duk gyaran da aka yi mata ba ya isa wayoyin mutane sai na soka ɗan mabuɗina a kwamfuta na amince da sunana. Kafin gyara ya iso hannuna kuwa, dole ya bi ta cikin Goggo ta gwada shi. Haka muka yi shekara da shekaru, ita a gaba ni a baya.

An kawo marigayiya tun kamfanin nan yana ɗaki biyu da banɗaki ɗaya. Baƙa ce, kakkaura, ƙafarta ɗaya ta karye a ranar da aka sauko da ita daga mota, aka naɗe kwali aka tokare ta, kuma a kan wannan kwalin ta ƙare rayuwarta ba tare da ta taɓa kai ƙara ba. Idan aka ba ta aiki sai ta fara da gyaran murya, ƙirrr, sannan tak-tak-tak kamar mai tauna ƙashi, sannan ta shiga dogon gurnani. In gyara ya wuce ta ce fit-fit. In ya faɗi ta ja fiiiii guda ɗaya mai tsawo, har masu gadi a ƙofa sun san an kunyata wani a ciki.

Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Goggo ba ta da basira ko ta sisin kwabo. Abin da aka ce ta duba shi take dubawa, ba ƙari. Babban halinta na kirki shi ne nawa. Kai, Goggo akwai nawa! Sai ka ba ta aiki, ka je ka yi alwala ka yi salla, ka amsa wayar gida, ka dawo ka tarar tana nan tana tauna. Kuma tana da wata ɗabi'a, yayin da take aiki sai ta riƙa jero rubutun gyaran a tsohon allonta, layi bayan layi, a hankali, daidai yadda idon mutum zai iya bi.

Daga wannan nawa tata aka haifi al'adar ɗakin nan. Tunda jira ya zama dole, muka sayi buta. Tunda muna zaune muna kallon allo, muka fara karantawa. Daga nan doka ta kafu da kanta, ba wanda ya rubuta ta a takarda: wanda ya yi rubutun ba ya karatu. Shi ke riƙe buta, shi ke zuba wa kowa shayi, kuma bakinsa a rufe. Ba ya bayani, ba ya kare kansa, ba ya cewa abin da yake nufi ke nan. In rubutun bai yi magana da kansa ba, a koma a sake. Na riƙe butar nan sau ba adadi, ina zuba shayi, ina jin ana feɗe aikina gaba da baya, kuma ban mutu ba.

Wata rana Dogo, wanda duk sashen nan ba mai hannunsa, ya kawo wani ɗan gyara da bai kai tafin hannu ba. Goggo ta tauna, ta ce fit-fit, ya wuce. Amma kafin ta ce hakan, abokiyar aikinmu Mai Tabarau ta riga ta ajiye kofinta ta ce a koma sama kaɗan. Ashe idan waya ta ɗauke ta dawo a daidai lokacin saƙo, saƙon zai sake zuwa, mutum ɗaya a ce masa ya sha magani sau biyu. Dogo na tsaye da buta, gumi na bin wuyansa, doka ta hana shi buɗe baki. Da aka tashi ya zuba wa Mai Tabarau kofi na biyu ba ta roƙa ba, kuma har yau in ta yi tari shi ke fara miƙa mata ruwa.

Na san abin da saƙo biyu ke nufi, domin Inna, mahaifiyata, tana cikin masu karɓar saƙon nan. Maganin hawan jini take sha, idonta ya yi rauni, wayar ce ke karanta mata. Inna ba ta musu da waya. Na taɓa ce mata ai ta riga ta sha na safe, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke kin fi wayar sani ne?” Ni da na rubuta rabin abin da wayar ke faɗa! In wayar ta ce ta sha sau biyu, wallahi sau biyu za ta sha, ta kuma sa mata albarka.

Rashin lafiyar marigayiya ya fara ne da zuwan sabon zamani. Aka ce komai zai koma gajimare, wato kwamfutocin haya na wasu manyan kamfanoni da ba mu taɓa ganin ƙofarsu ba. Aka sayo ƙirƙirarriyar basira mai rubuta manhaja da kanta. Kada wani ya ce ina gaba da ita. Ina aiki da ita kullum, tana da hannu, abin da ke cin mini wuni ta gama shi kafin shayi ya huce, kuma ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Manaja ma ba mugu ba ne. Mutum ne da masu zuba jari suka sa wa wuta a ƙeya, kullum ana nuna masa cewa kamfanonin da muke gasa da su suna sakin gyara safe da yamma, shi ya sa muke kiransa Yanzu-yanzu a bayan idonsa. Yau na faɗa a gaban idonsa, tunda ranar gaskiya ce.

Da farko aka cire na'urar sanyaya ɗakin Goggo aka kai ɗakin gilashi, inda aka kafa ƙaton allo mai nuna zane-zanen ci gaba. Zazzaɓi ya kama ta. Gurnaninta ya koma kakari, fankar cikinta ta fara kwar-kwar-kwar kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Na nemi a sayo mata sabuwar fanka, aka ce ba a kashe wa mai barin gado kuɗi. Dogo ya ɗauko fankar ɗakinsa ya kafa mata a baya, matarsa har yau tana tambayar inda fankarta ta shiga. Muka riƙa barin ƙofa a buɗe, muna share mata ƙura da tsohon buroshin haƙori. Ta ɗan farfaɗo, ta ci gaba da aiki a daddafe.

Ajali ya zo mata ne a cikin sabon zubin manhajar. Manaja da kansa ya zauna ƙarshen mako ya umarci ƙirƙirarriyar basira ta sake rubuta sashen tura saƙo gaba ɗaya, daga tushe har rassa. Ranar Talata aka ɗora wa Goggo wannan kaya. Ta yi gyaran murya, ƙirrr. Ta fara jero layuka muna bi da ido. Ko shafin farko ba mu gama ba ta yi wani irin tak guda ɗaya, wari kamar na ƙonanniyar roba ya tashi, allo ya yi baƙi. Ba ta ce fit-fit ba, ba ta ce fiiiii ba. Ta tafi da hukuncinta a ciki, ta bar mu da kofuna a hannu.

Saƙon ta'aziyyar Manaja ya iso kafin gawa ta huce. Ya ce cikas ya kau, ya ce sabuwar na'urar gwaji ta gajimare ta riga ta duba zubin cikin ƙiftawar ido kuma komai kore ne shar, wato alamar ba kuskure. Na tambaye shi wa ya karanta. Ya ce basirar ta karanta. Na ce wace basirar, ya ce ita dai wadda ta rubuta. To, Yallaɓai, a ɗakin nan ko Dogo ba ya karanta rubutun Dogo. Daga nan ya gaya mini a fili, kuma na yaba masa da bai ɓoye ba, cewa ranar Alhamis masu zuba jari za su zo, yana so su tarar zubin ya fita. Ko in soka mabuɗi kafin su iso, ko in miƙa mabuɗin, kujerata ma a nemo mata wani.

Ina so a fahimce ni da kyau. Ban ce akwai kuskure a cikin zubin nan ba. Mai yiwuwa ya fi duk abin da na taɓa rubutawa tsabta, in haka ne ni zan fara tafa masa. Abin da na ce shi ne ban karanta ba, Mai Tabarau ba ta karanta ba, ba wani mai uwa a gida da ya karanta. Sunana kuwa ba ya hawa kan abin da zai yi magana a kunnen Inna alhali idona bai gan shi ba. Ina tsoron rasa aikin nan, ba zan ɓoye ba, ina da 'ya'ya a makaranta kuma shekaruna ba na neman sabon aiki ba ne. Amma ko za a yi me, ba zan soka ba.

Marigayiya ta bar tsohon allo guda, lafiyarsa lau sai ɗan layi a gefe. Ta bar fankar matar Dogo, wadda za a mayar gida da godiya da ban haƙuri. Ta bar batirin ajiya mai kuka duk lokacin da aka ɗauke wuta, shi ma jikin sai a hankali. Ta bar kwalin da ya tokare ta, da kujerun roba da ba su yi kama da juna ba, da kofuna masu sunayen mutanen da suka daɗe da barin aiki. Ta bar mu, marayunta, da muka koyi karatu a gabanta. Ta kuma bar buta, kuma butar nan ba ta mutu ba.

Ga tsarin jana'iza. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ba za a sayar da Goggo a kan sikeli ba. Ranar Alhamis da safe za a ɗauko ta daga ƙarƙashin matakala a ajiye a tsakiyar ɗakin gilashi, inda sanyin da aka ƙwace mata yake, a shimfiɗa mata ƙyalle mai tsabta a ɗora tiren shayi a kanta. Za a kashe zane-zanen ci gaba. Dogo ya riga ya shirya ƙaton allon ya riƙa jero sabon zubin layi bayan layi, da irin tafiyar marigayiya, ba sauri ko kaɗan. Za mu zauna mu karanta daga farko har ƙarshe, in ya ci wuni ya ci, in ya kwana mu dawo Juma'a. Haka za a riƙa yi mata zaman makoki kafin kowane saki, muddin mabuɗi na hannuna. Masu zuba jari in sun iso akwai kujeru, su ma a ba su kofi.

Idan Manaja ya ga ba zai iya jira ba, zai tarar da mabuɗin a kan gawa, kusa da sukari. Ya miƙa hannu a gaban kowa ya ɗauka, ya sa sunansa, ni kuma in ba shi lambar Inna, daga ranar shi za ta riƙa kira in wayar ta faɗi abin da ba ta gane ba. Jakata a haɗe take tun jiya.

Idan kuma ya zaɓi zama, muna maraba da shi, kuma ya san doka. Shi ya umarci a yi rubutun nan, don haka shi ne mai rubutu. Ba zai yi bayani ba, ba zai ce komai kore ne ba, ba zai duba agogo ba. Yallaɓai, buta na jiranka a kan Goggo. Mai Tabarau ba ta shan sukari, nawa kuma a cika kofin.