Ankon Alhaji Mika'il a Lyon

Duk wanda ya sauka a tashar Château Rouge da niyyar sayen yadi, bai kuma ji sunan Alhaji Mika'il Ɗan Maraɗi ba, to ya sake dawowa, bai zo Paris ba tukuna. Allah ya ba shi kanti mai ƙofa biyu, da tumbi mai riga shi shiga ɗaki, da ilimin tufa wanda, in ji shi, ba a taɓa ganin irinsa ba. Yakan shafa yadi da yatsa biyu, ya lumshe ido, ya faɗa maka ƙasar da aka noma audugarsa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya bincika, saboda haka bai taɓa yin kuskure ba.

Girman nan ya ninku ne shekarar da wani bajekolin kaya ya kai shi Guatemala. Yawancin kwanakin a otel ya yi su yana fama da ciki, amma ranar da ya ji sauƙi aka haura da shi wani gari a kan duwatsu. A can ya ga matan ƙabilar Maya zaune a ƙasa, kowacce ta ɗaure gefen saƙarta a jikin itace, ɗaya gefen a ƙugunta da ɗamara, tana tsintar zare ɗaya bayan ɗaya har tsuntsu ko masara ta fito a jikin tufa. Ya sayi rigar mata guda, wadda suke kira wipil, ya yi hoto, ya koma mota. Da ya dawo, abokan hira suka laƙaba masa Jakadan Maya don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

"Mutanen nan namu ne," yakan ce bayan la'asar, yana juya kofin shayi. "Saƙarsu daga wajenmu ta tahi. Na dubi zaren, na gane abina. A Faransa duka ni ɗai na san sirrinta, voilà."

Ana nan sai labari ya zo cewa ƙungiyar masaƙan Maya za ta yi taro a Lyon, tana kuma neman ɗan kasuwa guda a Paris da zai zama wakilinta, shi kaɗai zai riƙa sayar da kayanta. Wata Baturiya mai shirya taron, Madam Odile, ta kira shi a waya, don an ce mata yana sha'awa. Baiwar Allah ta yi ta ƙoƙarin gaya masa abin da za a tattauna, amma ina! Da ta buɗe baki sai ya rufe mata da tarihin tafiyarsa.

"Madam, kar ki koya mini aikina," ya ce da ita. "Ki dai aje mini kujerar gaba."

Kafin magariba duk unguwarsu ta Goutte d'Or ta ji cewa wakilci ya zama nasa. Saura kawai ya je ya karɓo.

To, babban mutum ba ya zuwa taro kamar mai neman aiki. Alhaji ya yi tunani irin na manya, ya tuna cewa a wajenmu ba abin da ke nuna an ɗauki sha'ani da daraja kamar anko. Jama'a su fito cikin tufa iri ɗaya, mai sha'ani ya gani ya san yana da mutane. Nan take ya naɗe wipil ɗinsa ya nufi Aubervilliers, wurin wani dillali mai hulɗa da masana'antu. Aka ɗauki hoton rigar, aka aika, inji ya buga zanen a kan yadi mai araha, bandir-bandir.

Ranar da kaya suka iso, matarsa Hajiya Ramatou ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kanti. Mata suka yi ca a kai. Telolin unguwa ba su ƙara miƙe baya ba: riga da zane da ɗankwali, kaftani da hula, har da ƴan wanduna na jarirai. Jakada da kansa ya ɗinka babbar riga, tsuntsayen Maya tun daga kafaɗa har idon sawu, aka sa mata sitaci har tana iya tsayuwa ba kowa a ciki.

A jirgin ƙasa kuwa ba a magana. Sun cika tarago guda, ana waƙa, ana miƙa kilishi daga kujera zuwa kujera, Turawa na ta ɗaukar hoto. Alhaji ya yi ta kai da kawowa a tsakiya, baki har kunne, yana ɗaga wa kowa hannu, har da mai duba tikiti. Daɗi kamar ya kashe shi.

Sun isa zauren taron, a tsohuwar unguwar masaƙan siliki, a makare, kamar yadda ya dace da manya. A lokacin shugabar masaƙan, wata dattijuwa mai suna Petrona Tzoc, tana kan dandamali, tafinta na juya maganarta zuwa Faransanci. Abin da ya kawo su Turai take bayani. Ta ce mace kan yi wata da watanni a kan riga guda, kowane gari da zanensa, sai wasu ƴan kasuwa su ɗauki hoto, su buga da inji, su cika kasuwa, masu saƙar su rasa mai saye. Ta ce ina ma a ce tana da hanyar da za ta nuna wa jama'a ɓarnar su gani da idonsu.

Ba ta rufe baki ba ƙofa ta buɗe, guɗa ta tashi, ayarin Goutte d'Or ya kwararo cikin zaure, zane iri ɗaya daga sama har ƙasa. Mahalarta suka ɗauka wasan kwaikwayo ne Madam Odile ta shirya don misali. Suka miƙe tsaye suna tafi. Wayyo daɗi! Alhaji ya haye dandamali ba tare da an kira shi ba, ya karɓe abin magana.

"Ƴan uwana Maya, wahalarku ta ƙare!" ya ce da Faransanci mai kauri. "Abin da ke ɗaukar ku watanni, injina ya gama shi kafin shayi ya huce. Wannan somin-taɓi ne. Akwai sauran bandir a sito, kuma ni, wakilinku, zan cika Paris da shi!"

Tafin ya riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya. Madam Odile ta rufe fuska da hannu. Tafinta ya juya wa dattijuwa magana yadda take.

Petrona ta bar shi a kan dandamali. Ta sauko a hankali, ta kewaya Hajiya Ramatou, ta tsaya a bayanta tana kallo. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce zanen garinsu ne. Ta ce da'irar nan ita ce rana, a wuyan riga ake saƙa ta, ta cikinta mace ke fito da kanta in ta sa wipil. Ga ta yanzu an buga ta daidai inda mutum ke zama.

Mata suka waiga, kowacce ta leƙa bayan ƴar'uwarta. Rana ce, ba shakka, kowacce da tata. Kunya ta kama su, har aka tashi taron ba wadda ta iya zama a kujera. Hajiya ta bi mijinta da wani kallo da ya san za a ƙarasa shi a gida.

Jikin Jakada ya fara sanyi, sai ga wani mutum cikin kwat ya matso da fara'a, yana tambayar wa ya sa aka buga yadin, ina kuma sauran yake. Alhaji ya ji ransa ya dawo, ga mai saye da sari tun ba a je ko'ina ba! Ya ba shi suna da adireshin kanti da na sito, ya maimaita a hankali don kada a yi kuskure. Mutumin ya yi godiya, sannan ya gabatar da kansa: lauyan ƙungiyar masaƙan ne.

Wakilci dai Ache aka ba, wata ƴar Chadi mai ƙaramin shago da ke kallon kantinsa, wadda ta je taron cikin baƙar abaya ta zauna a baya ta saurara. Bandiran sito kuma hukuma ta kwashe. Ba a jima ba ƙungiyar ta fitar da babbar fosta ta yaƙi da satar zane, aka manna wata a gilashin shagon Ache. Ga Jakada nan a jiki cikin babbar rigarsa, hannu a sama, yana dariya, an gicciya masa jan layi daga kafaɗa zuwa tumbi, an rubuta sunansa a ƙasa.

Ya tsallaka titi ya tsaya gabanta, ya daɗe yana karantawa, jama'a na jiran su ga ko zai faɗi. Can ya juyo, idonsa ya kaɗa don baƙin ciki.

"Ku dubi rashin kunya," ya ce. "Mika'il kawai. Ko Alhaji ba su sa ba."